Kafin Ruwan Ya Nuna

Amarya, matso nan kusa da ni, bar wa Maman 'Yan Biyu zuba shayin. Mu kaɗai ne a ɗakin, ba mai kai maganar waje, don haka daina sunkuyar da kai. Kin ce maigida ya sayo miki akwatin gilashi da kifaye takwas, aka cika shi da ruwa aka zuba su rana ɗaya, ga shi mako bai zagayo ba uku sun mutu, har kin fara kwashe gawar da asuba don kada ya gani ya ce ba ki da hannun kiwo. To ki kwantar da hankalinki. Ba hannunki ba ne. Hajiya Babba, ki gafarce ni, ba kambun baka ba ne kuma, ko da yake na ji kina cewa baƙin da suka zo ganin ɗaki sun cika yabon kifin. Ruwan ne bai nuna ba, kuma wanda ya sayar bai gaya wa kowa ba. Biyar ɗin da suka rage ana iya cetonsu in Allah ya yarda, amma fa sai kin ba su wata guda ko ɗaya da rabi na kulawa ta kullum.

Ga abin da ke kashe su. Kifi na fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, shi ne wannan warin mai hawa kai da ake ji a makewayin da fitsari ya kwana. Yawancinsa ba ta kashi yake fita ba, ta jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatun kifi yake fita, wurin da yake numfashi. Kashin da ya kwanta a ƙasa da abincin da bai ci ba su ma in sun ruɓe amoniya suke zama. A kogi ruwa na tafiya da shi. A akwatin lita 60 kuwa ina zai je? Nan zai taru, kifin na iyo a ciki, yana shaƙa, wurin numfashinsa na ƙonewa. Abin tausayin shi ne ruwan zai kasance garai-garai, ki tsaya ki ga har tsakuwar ƙasa, alhali guba ce cike da shi. Ido ba ya ganinta ko kaɗan.

Allah da ikonsa ya halicci masu cin wannan gubar, wasu ƙwayoyin bakteriya ne, kashi biyu. Kashin farko su ci amoniya su mayar da ita wata guba ta biyu, naitirayit. Kashi na biyu su ci wannan su mayar da ita naitiret, wadda kifi ke iya jurewa in ba ta yi yawa ba, tsirrai kuma taki ce a wurinsu. Tun 1890 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware irin waɗannan ƙwayoyin daga ƙasa ya nuna aikinsu. An daɗe ana zaton wadda ake kira Nitrobacter ce ke cin guba ta biyu a akwatin kifi, sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a ruwan daɗi Nitrospira ce ke riƙe da aikin. Ba sai kin haddace sunayen ba. Abin da nake so ki riƙe shi ne halinsu: nawa gare su. Wasu ƙwayoyin cikin minti 20 sun ninka kansu, waɗannan kuwa sai su ci kusan yini guda kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa sabon akwati kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya cinye abin da kifayenki ke fitarwa, wani lokaci har ya zarce. Kuma ba a cikin ruwan suke yawo ba, manne suke a jikin abubuwa, a tsakuwa, a gilashi, galibinsu a soson da ke cikin matatar nan mai ƙara. Iska suke so, ruwa mai gudu suke so. Ke nan dabbobi iri biyu kike kiwo, kifin da kike gani da waɗannan da ba kya gani, kuma na biyun su ne ya kamata a fara kiwatawa kafin a kawo na farkon. An riga an yi baibai, sai mu gyara daga inda muke.

Abu na farko, ki sa a nemo miki kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo, 'yan kwalabe ne da ƙaramin bututun gilashi. Na san za ki ce kuɗi, amma wallahi ya fi araha a kan sake sayen kifi kowane mako, ban da ran da ke salwanta. Za ki ɗebi ruwa zuwa layin da aka zana, ki ɗiga adadin da aka rubuta, ki girgiza, ki jira minti biyar, sannan ki kara shi da katin launi a wurin haske. A irin wanda aka fi samu, na amoniya in ya tsaya ruwan ɗorawa to lafiya, in ya fara kore akwai matsala, in ya yi kore shar sai ki tashi tsaye. Na guba ta biyu kuwa shuɗi mai haske ne lafiya, in ya juya ruwan makuba ta hau. Kowace safiya kafin ki ba su abinci ki gwada, ki rubuta a bayan littafin cefane. Dokar da nake bi ita ce kada ɗayansu ya wuce rabin miligiram a lita, wato 0.5 a katin, in ma an samu a tsaya a 0.25 ya fi.

In ya wuce fa? Ki canza ruwa. Nan ne duk maganin yake, Amarya, babu wata kwalba a shago da ta fi shi. Lissafin a fili yake: in gwaji ya nuna 1, kika kwashe rabin ruwan kika zuba sabo, ya koma 0.5. Da yamma ki sake, ya koma 0.25. Akwai masu cewa wai in kina canza ruwa ba zai taɓa nuna ba, kina zubar da ƙwayoyin. Ban yarda ba. Na gaya miki a jikin soso suke, ba a ruwa ba, kuma ɗan abin da ya rage ya ishe su ci su hayayyafa. Ko da canjin zai ja aikin ya ƙara kwanaki, gara hakan da ki bar kifi a cikin azaba don ki gama da wuri. A makonnin farko kina iya samun kanki kina canza kashi ɗaya cikin uku kusan kullum. Hakan daidai ne. Abin da ba a yi shi ne wanda na ji kin ce kin yi niyya gobe, ki kwashe kifin a roba, ki juye komai, ki wanke gilashi da tsakuwa da omo. Kada ki soma. In kika yi haka kin kashe ɗan abin da ya fara tsirowa, kin koma ranar farko, ga ragowar sabulu da ita ma kanta kisa take. Da siririn tiyo za ki zuƙo ruwan daga ƙasa, yana fita yana tafiya da kashi, kifin na ciki abinsu.

Wane ruwa kike zuba musu? Na 'yan garuwa? To ki lura da jarkar, kada a kawo miki wadda aka taɓa zuba fetur ko kalanzir. Ki ware bokiti ɗaya na kifi kaɗai, wanda sabulu bai taɓa shiga ba, ki gargaɗi mai aikinki a kansa. In ruwan famfo ne akwai kulorin a ciki, an sa shi ne don ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bambanta na cuta da naki masu amfani. Akwai maganin ɗigo da ke kashe shi nan take, a shagon kifin ake sayarwa. Barin ruwa ya kwana a buɗe yana korar kulorin zalla, amma in wanda aka haɗa da amoniya ne, kuloramin, kwana ba ya korarsa, sai maganin. Ruwan burtsatse ba shi da wannan matsalar sai dai yakan fito ba iska a cikinsa, ki bar shi ya huta ko ki sheƙa shi tsakanin bokiti biyu. Ki kuma taɓa da hannu ki ji ɗuminsa ya zo daidai da na akwatin. Ruwan tankin sama da ya sha ranar azahar, ko na randa mai sanyi ƙarara, in kika kwara wa kifin da ya riga ya galabaita, shi zai ƙarasa shi.

Sai abinci, kuma nan na san zuciyarki za ta yi miki gardama. Da kin matso sai su taso suna buɗe baki, ke kuma ki ce yunwa suke ji. Haka suke, ko yanzu suka ci. Duk ƙwayar da kika jefa amoniya ce ta gobe. A wannan watan sau ɗaya a rana ya isa, ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, ranar da gwaji ya yi kore kuwa kada ki ba su komai. Kifi mai lafiya na yin kwana biyu ko uku bai ci ba, ba abin da zai same shi. Ki ɓoye gwangwanin daga yaran maƙwabta, don kowa ya shigo so yake ya ga sun taso.

Hajiya Babba, na ji ki. Kin ce ɗanki na kiwon tarwaɗa a tankin roba a bayan gida, ɗaruruwa a wuri ɗaya, ba gwaji ba matata, kuma suna ta girma. Gaskiya ne, amma dubi abu biyu. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama kai tsaye, ga ta da juriyar ƙazamin ruwa fiye da yawancin kifaye, shi ya sa za ki gan ta a kasuwa cikin baho ruwa kaɗan tana motsi har yamma. Sannan ki tambaye shi sau nawa yake buɗe bututu ya zubar da ruwan ya sake sabo. Zai ce miki a kai a kai, don in ya yi sake ruwan ya yi wari sai ya wayi gari sun juya ciki sama. Abin da muke faɗa ne shi ma yake yi, da ƙarfin burtsatse. Mu da muka saba ganin tarwaɗa shi ya sa muke ɗauka kowane kifi haka yake da taurin rai. 'Yan ƙananan nan masu jelar ado ba haka suke ba.

Yanzu ga taimako mafi girma, kuma ni zan yi miki shi. Kin san yadda ake sa wa sabuwar madara ɗan tsohon nono don ta kama ta yi kindirmo? Haka ake yi wa akwatin kifi. Nawa ya daɗe da nuna, sosonsa cike yake da ƙwayoyin. Zan yanko miki gefe guda, ki sa a cikin matatarki kusa da naki sabon. Wannan kaɗai na iya rage miki jiran ya dawo mako ɗaya ko biyu. Sharaɗin shi ne ya zo a jiƙe cikin ruwan akwatin, kada ya bushe a hanya, kada ya daɗe a ƙulle cikin leda a rana, kuma ya fito daga wurin da kifin ba su da cuta. Za ki gan shi ruwan ƙasa-ƙasa, da laka-laka a jikinsa, in kika shinshina ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi za ki ji, ba ɗoyi ba. Kada tsabtarki ta sa ki kai shi bakin famfo. Wannan dattin da kike ƙyama shi ne dukiyar. Ko nan gaba in ya toshe ruwa ya daina wucewa, a cikin bokitin ruwan da kika zuƙo daga akwatin za ki matsa shi sau biyu ko uku ki mayar. Akwai kuma ƙwayoyin da ake sayarwa a kwalba. Wasu na aiki, amma abu ne mai rai, in kwalbar ta sha zafin shago wata da watanni ba lallai ki sami komai a ciki ba. Ni dai na fi amincewa da soson maƙwabciya.

Ki shirya wa mako na biyu zuwa na uku, don nan mutane suka fi yin asara. Amoniya za ta fara sauka, ki ce alhamdulillahi an gama, ashe guba ta biyu ce ke hawa, masu cinta kuma ba su kai ga yawa ba tukuna. Ita wannan jini take shiga, ta hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Sai ki ga kifi ya hau saman ruwa yana haki, kumatu na bugawa da sauri, ko ya je ya lafe inda ruwan matata ke zubowa, alhali kumfa na ta tashi a akwatin. Iskar na nan, jininsa ne ya kasa ɗauka. Canjin ruwa dai shi ne na farko. Na biyu gishiri, namu na girki, wanda ba a haɗa da kayan ɗanɗano ba. Akwai wani ɓangare na gishiri da ke bin ƙofa ɗaya da gubar wajen shiga jikin kifi, in ya yi yawa sai ya tare mata hanya. Ba da yawa ba fa: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 40 ya wadatar, ki narkar a kofi kafin ki zuba. Gishiri ba ya bin tururi ya fita, don haka in kin canza ruwa, na ruwan da kika zubar kaɗai za ki mayar. Kuma don Allah kada wani ya ce ki sa kanwa. Amoniya ta fi dafi a ruwa mai kanwa-kanwa: a ma'aunin pH, daga 7 zuwa 8 kawai, kason da ke cutar da kifi yana ninkuwa kusan sau goma. Zafi ma na ƙara mata dafi, ga shi ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Da bazara, lokacin da Kano ke kai maki 40, ki janye akwatin daga taga, ki ɗaga murfin, ki bar fanka na busa saman ruwan. Da hunturu kuma sanyi na rage wa ƙwayoyin kuzari, sai ki ƙara haƙuri.

Maganar wuta kuwa, ita ce tamu ta nan da littattafan waje ba su cika damuwa da ita ba. In aka ɗauke, matata ta tsaya, ruwan da ke cikinta ya daina gudu, ƙwayoyin su fara rasa iska. In ɗaukewar ta yi awanni, ki ciro soson ki sake shi a cikin akwatin kansa, kada ya zauna a rufe. Lokaci-lokaci ki ɗebi ruwa da kofi ki zubo daga sama ya yi kumfa. Kada ki ba su abinci sai ta dawo. In ta daɗe sosai, ki zubar da ruwan da ya kwanta a cikin matatar kafin ki kunna, kada ya watso musu ruɓaɓɓe. Mafi sauƙi dai ki roƙi maigida ya sayo ɗan injin kumfa mai batir, ko irin wanda ake jonawa da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Ƙarami ne, ba ya cin wuta, zai kwana yana aiki.

Maman 'Yan Biyu ta tuna mini da abu mai kyau, kainuwa. Ita da ke yawo a saman kududdufi, saiwarta na lilo a ruwa, amoniya abincinta ce. Ki sami 'yan ƙanana uku ko huɗu, ki wanke su sosai, ki ajiye a roba daban na 'yan kwanaki don kada su shigo miki da matsattsaku ko ƙwari, sannan ki ɗora. Za su rage wa kifin nauyi, su ba su inuwa. In sun yaɗu ki riƙa ragewa, kada su rufe saman ruwan gaba ɗaya.

Wasu ƙananan abubuwa da ke kashe kifi a ɗakin amarya musamman: maganin sauro na fesawa dafi ne mai tsanani ga kifi, kafin a fesa ki rufe akwatin da zani mai kauri ki kashe injin kumfa, sai warin ya fita ki buɗe. Hannun da ya sha mai da humra kada ya shiga ruwan sai an ɗauraye shi da ruwa zalla. In kin ga ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara a kwanakin farko, kada ki firgita, wasu ƙwayoyi ne daban masu saurin haihuwa, da kansu za su lafa. Wanda ya mutu kuma a cire shi nan take. Sannan ki gaya wa maigida gaskiya yau da daddare, ki nuna masa katin launin, don in bai sani ba gobe zai shigo miki da wasu a leda don ya faranta miki, alhali ƙarin kifi yanzu ƙarin guba ne.

Za ki san ruwa ya nuna ne ranar da amoniya ta nuna sifili, guba ta biyu ta nuna sifili, naitiret kuma ta fara bayyana, kuma aka yi mako guda cur a haka ba tare da kin canza ruwa don ki saukar da su ba. Daga nan sai ki koma canza kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, ki riƙe naitiret ƙasa da 40. In za ki ƙara kifi, biyu ko uku a lokaci guda, ki jira mako biyu kina gwadawa kafin ki sake, saboda yawan ƙwayoyin daidai yake da yawan kifin da suka saba da shi. Ki guji jan kifin nan mai ruwan zinare da ake sakawa a ƙaramar kwalba mai zagaye. Yana girma sosai, ƙazantarsa ta fi ta saura, kuma ni dai ban taɓa ganin kwalbar nan na ji daɗi ba.

Ke kuma Maman 'Yan Biyu, tunda kin ce 'yan biyu sun dame ki sai an sayo musu, ke ba sai kin sha wannan wahalar ba. Ki sayi akwatin da matatar, ki cika da ruwa, ki kunna, kada ki sa kifi ko ɗaya. Kullum ki jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, shi zai ciyar da ƙwayoyin, ki riƙa gwadawa har ki ga gubar farko ta hau ta sauka, ta biyu ma ta hau ta sauka. Sannan ki canza yawancin ruwan ki je ki zaɓo kifinki. Yaran za su yi ta ƙorafin akwati ba kowa a ciki, sai ki ba su aikin ɗiga maganin gwaji da duba launi. Ke ma zan yanko miki soso, amma sai nawa ya murmure daga na Amarya, don ba a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Amarya, ke gobe da hantsi ki turo yaro da roba mai murfi, kuma kafin ki kwanta yau ki canza musu rabin ruwan.